Rasuwar Abdulmuhaimin Sadiq da Cigiyar Mai Baƙin Kare

Abdulmuhaimin Sadiq, ɗalibin likitancin dabbobi ɗan ajin ƙarshe, ya rasu ranar Talata, 22 ga Agustan 2023, a wani asibiti a birnin Katsina. An kawo shi gida Daura, aka yi masa sutura a ranar. Likitocin da suka duba shi sun ce ciwon haukan kare ne. Ya ɗauke shi daga wani baƙin kare da aka kawo rumfar da shi da abokan karatunsa suke duba dabbobi a kasuwar Mai'adua, gab da Babbar Sallah. Mai karen ma ya sa hannunsa a bakin dabbar, kuma haƙori ya yanke shi. Har yanzu ba a gano inda yake ba, bai kuma san ana nemansa ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wannan ta'aziyya ce, amma dole ta zo haɗe da cigiya, domin cigiyar ita ce abu na ƙarshe da marigayin ya roƙa. Ina neman afuwar iyalansa idan ta yi yawa a cikin rubutun.

Abdul, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da naku a unguwar Kusugu, don haka a gabana ka tashi. Tun kana firamare gidanku ba ya rabuwa da wata dabba mai jinya: tantabara mai karyayyen fiffike, ɗan akuyar da uwarsa ta ƙi, kyanwar da aka watsa wa ruwan zafi. Mahaifiyarka, Hajiya Siddiƙa, ta kan ce ba ta san ranar da za ta buɗe kwandonta ta tarar da albasa kaɗai a ciki ba. Da ka samu gurbin karatun likitancin dabbobi ba wanda ya yi mamaki a unguwar. Abin da wasu suka yi mamakinsa shi ne abin da ka yi da karatun tun kafin ka gama.

A 2022, lokacin da malaman jami'a suka shiga dogon yajin aiki, ɗalibai suka dawo gida suna zaman jiran ranar komawa. Kai ka tara 'yan ƙasar Daura da ke karanta irin fanninka a Zariya da Sakkwato, kuka nemi wani likitan dabbobi mai ritaya ya riƙa sa muku ido, kuka kafa rumfar kara a bayan karar shanu ta Mai'adua. Tebur ɗaya, benci, kular ƙanƙara ta ajiye allurai, da bokitin wanke hannu. Mutane suka sa mata suna Rumfar Ɗalibai. Da aka janye yajin aikin ba ku rushe ta ba, kuka riƙa karɓa-karɓa, duk wanda ya samu sarari ya zo ranar kasuwa.

Mai shanu ɗari ya san inda zai samu likita. Waɗanda kuka buɗe wa rumfar su ne waɗanda ba su da wurin zuwa: mai jaki ɗaya da mikin baya ya hana shi ɗaukar kaya, bazawara mai akuya biyu, maharbin da ƙazuwa ta cinye karensa, tsohuwa mai kyanwa. Kuɗin magani kawai ake biya, wanda ba shi da shi kuma ba a kore shi. Akwai ranar da na ga kun tashi da ƙwaryar nono da ƙwan zabi a kan tebur, kuna gardamar wanda zai kai su gida.

Iya Kubura, wata tsohuwa daga wani ƙauye a hanyar Kongolam, ita ce ta fi kowa zuwa. Kyanwarta ba ta da wani ciwo da ya wuce tsufa, amma duk bayan 'yan makonni sai ta naɗo ta a zane ta hau babur ta zo. Tun daga nesa take kiranka angonta, tana cewa ka bar ta da yunwa ka tare wajen karnuka. Kai kuma ka ce ai amaryar da ta fi son kyanwa da mijinta ba ta da bakin ƙorafi. Sai ka duba idon kyanwar da kunnenta da gaske, kamar yau ka fara ganinta, ka ce lafiyarta lau, ta ƙara mata ɗan kifi. Da na tambaye ka dalilin ɓata wannan lokaci, ka ce mini tsohuwar ba ta da kowa a gida sai kyanwar, kuma idan ba a duba kyanwar ba, babu mai duba tsohuwar. Ranar zaman makokinka ma ta zo, ta zauna a ƙofar ɗakin mahaifiyarka.

Ba kowa ne ya ji daɗin aikin ba. Ɗan malami guda, a ce yana rungumar karnuka a bainar kasuwa. Maganar ta kai zauren mahaifinka, Malam Sadiq, inda yake ba da karatu, kuma ina wurin. Wani dattijo ya kawo ta a sigar nasiha, ya ce yaran gari har sun fara kiranka likitan karnuka. Malam ya saurare shi har ya gama. Ya ce a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, kuma kiwonsa don gadin dabbobi ko farauta halal ne, to wanda aka halatta wa kiwo ta yaya za a haramta masa magani? Sannan ya juyo gare ka ya ce, "Amma ka riƙa canza riga kafin ka shigo mini sahu. Fiƙihu ya yafe maka, hancin jama'a bai yafe ba." Aka yi dariya, maganar ta mutu daga nan.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ka kafa a rumfar, kuma dole in yi bayaninta, domin a kanta komai ya tsaya yanzu. Ba a tambayar mai dabba sunansa, ba a tambayar garinsu. Sunan dabbar kawai ake tambaya, in tana da shi. Dalilinka a fili yake. A makonnin farko kun gwada tambaya, sai kuka ga mutane suna juyawa daga bakin rumfar. Makiyayin da ya tsallako daga Nijar yana jin an ce "sunanka da garinku" sai ya ɗauka maganar haraji ce ko ta jami'an iyaka. Mai kare na cikin gari kuma ba ya son a san ya kawo kare asibiti. Da kuka daina tambaya, layi ya kai har bakin hanya. Karnukan da aka yi wa rigakafi a rumfar nan, yawancinsu ba wanda zai kawo su da ana tambayar suna.

Firdausi, abokiyar karatunka, wadda ita ce mataimakiyarka a rumfar, ba ta taɓa yarda da ƙa'idar ba. Ta sha faɗa maka cewa asibitin da bai san majinyatansa ba shagon magani ne kawai, kuma wata rana za ku buƙaci wani ku rasa inda za ku same shi. Kai kuma ka ce mata gara kare ɗari da aka yi wa allura ba a san masu su ba, da kare goma masu cikakken adireshi. Kun yi wannan gardama har ta zama abin wasa a tsakaninku. Idan ta ga an kawo jaki sai ta ce, "Dakta, shi ma kada a tambaye shi, ko?" Ni da nake saurare daga benci, a lokacin ra'ayinka na fi karkata gare shi.

Kasuwar ƙarshe kafin Babbar Sallah ita ce mafi cika a shekara. Raguna ko'ina, kowa yana son a duba masa na layyarsa kafin ya biya. Likitan da ke sa muku ido bai zo ba ranar, ba shi da lafiya. Safar hannu ta ƙare tun kafin azahar. Abin da zan faɗa daga nan, daga bakin Firdausi na ji shi, kuma na sake tambayarta a kansa fiye da sau ɗaya.

Wani dattijo makiyayi ya zo ɗauke da baƙin kare a kafaɗa. Ya ce sunan karen Duna, shi ke gadin garkensa tun yana ɗan kwikwiyo. Karen ba ya haushi, ba ya yunƙurin cizo. Bakinsa a buɗe yake, muƙamuƙinsa na ƙasa ya saki, miyau yana dalala. Dattijon ya ce ƙashi ne ya maƙale masa a wuya, ya kwana biyu yana lalube da yatsunsa bai samu ba, har haƙori ya yanke shi. Ya nuna babban yatsansa na dama a ɗaure da tsumma. Ya ce, "Likita, hannunka ya fi nawa siranta. Ka taimaka mini, ba ni da wani sai shi."

Ciwon haukan kare fuska biyu gare shi. Akwai wadda kowa ya sani, kare yana gudu yana cizon duk abin da ya tarar. Akwai kuma ta shiru, wadda kare yake lafewa, muƙamuƙi ya mutu, haɗiya ta gagara, har mai shi ya rantse wani abu ne ya tsaya masa a maƙogwaro. Ɗalibin ajin ƙarshe ya san wannan, ya amsa shi a jarrabawa. Amma a rumfar nan, abin da ya fi yawa shi ne dabbar da ta haɗiyi abin da bai kamata ba. Leda a cikin akuya, ƙwallon mangwaro a wuyan saniya, ƙashi a bakin kare. Kun ciro irinsu har kun daina ƙirgawa, kuma duk ranar da mai dabba ya ce wani abu ya maƙale, kusan kullum gaskiyarsa ce.

Firdausi ta riƙe kan karen, ka sa hannu. Da a ce ba ka samu komai ba, na tabbata da ka tsaya ka yi tunani. Sai aka yi rashin sa'a ka samu: ɗan tsinken ƙashi, bai kai gaɓar yatsa ba, a tsakanin haƙoran tauna. Ka ɗaga shi sama, masu jira a layi suka yi ta sa albarka, dattijon ya riƙe hannunka da hannu biyu yana addu'a. Tambayar da ya kamata a yi, ƙashin ya rufe ta. Wajen fito da hannun haƙori ya ƙarce ka a bayan yatsa, ɗan ƙarci da ko jini bai yi sosai ba. Ka wanke a bokiti, ka ce a kawo rago na gaba. Dattijon ya ce da an sauko daga Idi zai bi garke arewa, tunda damina ta zauna. Ya saɓa karensa ya shiga cikin kasuwa. Ba a sake ganinsa ba.

Sai a tsakiyar Agusta wurin ƙarcin, wanda ya warke tuntuni, ya fara yi maka ƙaiƙayi da zugi har kafaɗa. Zazzaɓi ya biyo baya. Damina ce, kowane gida akwai mai zazzaɓin sauro, maganinsa ka sha. Ranar da abin ya bayyana, alwalar la'asar kake yi a tsakar gida. Ka ɗebi ruwa za ka kurkure baki, maƙogwaronka ya shaƙe, ruwan ya dawo. Ka sake gwadawa, ya sake dawowa. Malam ya ce ya ga ka ajiye butar a hankali, ka zauna kana kallonta, sannan ka yi taimama ka yi sallarka. Da ka sallame ka ce masa a nemo mota a kai ka asibiti, ka kuma gaya masa sunan ciwon da bakinka, da abin da ke biyo bayan wannan alamar. Babu likitan da ya faɗi wani abu daga baya wanda ba ka riga ka faɗa masa a tsakar gidan nan ba.

Kafin motar ta zo ka kira Firdausi. Ta ce muryarka daidai take, kamar kana tsara mata aikin ranar kasuwa.

"Firdausi, Duna ne. Ba ƙashi ba ne. Ki je a fara miki allura yau, kada ki kai gobe. Sannan ku nemo mini Baffan nan, ciwonsa ya fi nawa zurfi."

Ta ce, "Wane gari za mu je, Abdul? Wa za mu ce muna nema?"

Ka ce, "Kin ci gardamar nan, Dakta. Na so a ce ba ta wannan hanya ba."

A kwanakin da ka yi a asibiti, ciwon yana zuwa yana lafawa, kuma a tsakani hankalinka garau yake. Ban ga amfanin bayyana abin da ka sha ba, waɗanda suka gani ya ishe su. Abin da zan rubuta shi ne, duk lokacin da ka dawo hayyacinka tambayarka ɗaya ce, ko an same shi. Da na shigo duba ka, ka ce mini, "Kawu, kai ka san 'yan rediyo. Iyaka a rufe take, amma rediyo yana tsallakawa." Ka sa na zauna ka siffanta mini shi dalla-dalla, kana tsayawa idan numfashi ya ƙwace maka, kana ci gaba. Ka ce in gaya masa ba laifinsa ba ne. Ka maimaita wannan har na ce na ji.

Ga yadda abin yake, ga duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi. Wannan ciwo yana iya kwanciya a jiki makonni, wani lokaci watanni, babu alamar komai. Muddin alama ba ta fito ba, allura tana hana shi. Idan ta fito, babu magani a Daura, babu a Kano, babu a ko'ina. An fara yi wa Firdausi tata, bayan an sha yawo kafin a samu, kuma likitoci suna da kyakkyawan zato a kanta. Dattijon nan kuwa ya riga Abdulmuhaimin sa hannu a bakin karen, kuma yankansa ya fi zurfi. Idan har yana nan lafiya, ba wanda ya san sauran lokacin da yake da shi.

Dogo ne, siriri, gemunsa ya yi furfura, zai haura shekara sittin. Yana da tabo a girar hagu wanda ya raba ta biyu. Hausarsa ta mutanen Damagaram ce, da ɗan gauraye na Fulatanci. Yana da baƙin kare mai suna Duna, wanda kusan tabbas ya mutu a kwanakin Sallah. Mun san baƙin kare mai wannan suna ya fi a ƙirga a rugagen ƙasar nan, mun kuma san dogon dattijo mai tabo ba siffa ce da za ta ware mutum ɗaya ba. Abin da muke da shi ke nan.

Tun daga ranar da aka kwantar da Abdul a asibiti ake neman dattijon. An yi sanarwa a gidajen rediyo da Hausa da Fulatanci. An faɗa a masallatan Juma'a na Mai'adua da Kongolam. An je wurin ardo-ardo, an bi dillalan kara ɗaya bayan ɗaya. Mashigar iyaka ta Kongolam a rufe take tun farkon wata saboda juyin mulkin da aka yi a Nijar, kuma layin wayar can ba kullum yake shiga daga nan ba. 'Yan acaba da suka san hanyoyin gona su ne suke kai saƙo, wasu ba su karɓi ko na mai ba. Sau biyu aka ce an same shi, aka je aka tarar wani ne. A ɗaya daga cikin rugagen, da suka ji baƙi suna tambayar mai kare, sai matan suka ce babu namiji a gida, alhali maza suna bayan bukka. Irin tsoron da ya sa Abdul ya hana tambayar suna, shi ne yanzu yake ɓoye mana mutumin.

Saboda haka, duk wanda ya san shi, ya gaya masa a fili: ba hukuma ce ke nemansa ba, ba a tuhumarsa da komai, ba za a karɓi ko sisinsa ba. Iyalan marigayin ba su riƙe shi da komai a zuciya ba, Malam Sadiq da kansa ya ce in rubuta haka. Allurarsa tana ajiye a firji a Daura, kuma ɗaliban sun ce idan ba zai iya tsallakowa ba, za su san yadda za a yi ta kai gare shi. Kada ya dogara da cewa yankan ya warke, kada ya dogara da wani magani da aka shafa masa a daji. Idan akwai wani a rugarsa da ya taɓa bakin karen, ko wanda karen ya lasa a kan ciwo, su zo tare. A tuntuɓi Rumfar Ɗalibai a bayan karar shanu ta Mai'adua, ko gidan Malam Sadiq a Kusugu. Ɗaliban suna zama a rumfar kullum yanzu, ba sai ranar kasuwa ba.

Abdul, ba zan ce ƙa'idarka kuskure ce ba, ba kuma zan ce daidai ce ba. Na ga layin da ta tara, na kuma ga abin da ta jawo. Waɗanda ka bari a rumfar su za su yanke yadda za su yi nan gaba, kuma sun fi ni sanin aikin. Abin da na sani shi ne, ka ga mutanen da ba wanda ya damu da dabbobinsu, ka zauna a rana kana duba musu, kuma da ka san kwananka ya ƙare, wani ka riƙa tambaya, ba kanka ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya sa wahalar da ka sha a kwanakinka na ƙarshe ta zama kankarar zunubi. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya saka maka da tausayin da ka nuna wa bayinSa masu magana da marasa magana. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifinka Malam Sadiq, da mahaifiyarka Hajiya Siddiƙa, da ƙannenka, da malamanka, da abokan aikinka na rumfa. Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi. Allah Ya ba Firdausi lafiya, Ya kare ta, Ya cire mata abin da take ɗora wa kanta. Allah Ya sa saƙon nan ya riski dattijon nan da sauran lokaci. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Da safiyar yau wani dillalin shanu mai suna Harisu ya zo rumfar. Ya ce ya san wani makiyayi, Ya'u, mai tabo a gira, wanda yake damina a wata ruga gabas da Matamaye, a cikin Nijar, kuma ya ji an ce karensa ya mutu bayan Sallah. Ya ce wani ya gan shi a kasuwa makon jiya da ƙafafunsa. Ɗan acaba ya tafi da ɗaya daga cikin ɗaliban da kular allurar. Har zuwa lokacin da na miƙa wannan rubutu ba su kira ba, kuma ba a tabbatar ko shi ne ba.